Kujerar Tsakiya: Yadda Ake Cin Abinci da Bayolin da Biyola a Kiɗan Mutum Huɗu

Ranar da na gaya wa mahaifina, a zauren gidanmu a Jos, cewa da wannan ɗan akwatin katako zan ci abinci, ya daɗe yana kallon abin kafin ya ce, "To ai gogen Turawa ma goge ne." Bai hana ni ba, bai kuma sa albarka ba sai bayan shekaru. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da yake nufi, domin a idon dattawa mai goge mutumin 'yan bori ne da gidajen rawa. In kai Bahaushe ne kana sha'awar wannan hanya, za ka ji irin wannan magana. Ka ji ta, ka haɗiye, domin ba ita ce babbar wahalar ba. Wahalar tana can gaba, cikin ɗaki, kai da mutum uku, kuna jayayya a kan sauti guda ɗaya har shayi ya huce.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a kujerar biyola cikin wani rukunin mutum huɗu a Jamus, ina kuma karɓar aikin bayolin in ya zo. Irin kiɗanmu ni nakan kira shi kiɗan zaure, don asalinsa ba na dandali ba ne, na ɗakin baƙi ne: mutum biyu zuwa takwas ko tara, kowa da nasa layin shi kaɗai, babu jagora mai ɗaga sanda irin na okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa. Uwar wannan kiɗa ita ce kwatet, wato bayolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya, ƙatuwar nan mai kakkaurar murya da ake tsayarwa tsakanin ƙafafu. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani ya gaya mini tun ina ɗalibi a Legas.

Ka riƙe biyun, kada ka zaɓi ɗaya

Kusan kowa da bayolin yake farawa, kuma daidai ne. Amma da zarar hannunka ya zauna, ka nemi biyola ka ɗora a kafaɗa. Kallon farko za ka ce ai bayolin ce da ta ƙoshi. Ba haka ba ne. Jikin bayolin wajen santimita 35 da rabi ne, kusan duk ɗaya suke. Biyola kuwa ba ta da awo ɗaya: akwai mai 38, akwai mai 43. Tsirkiyoyin bayolin G, D, A, E ne, na biyola C, G, D, A, wato an cire mata siririyar sama an ba ta kakkaurar ƙasa. Bakanta ma, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, ya fi nauyi, wajen giram 70, na bayolin kuwa wajen 60. Giram goma ba komai ba ne a ma'aunin mai tumatir, amma bayan awa uku kafaɗarka za ta gaya maka bambancin.

Me ya sa nake cewa ka riƙe biyun? Na farko, kasuwa. Masu bayolin sun yi yawa, a kowace makarantar kiɗa cike suke, kuma duk lokacin da ɗalibai za su haɗa kwatet, mai biyola ake nema ruwa a jallo. Na biyu, akwai tarin kiɗan da ke buƙatar ƙarin biyola. Kwintet ɗin Mozart, wato kiɗan mutum biyar, irin na lamba K. 515 da K. 516 da ya rubuta a 1787, biyola biyu suke so. Na mutum shida da Brahms ya rubuta guda biyu, biyola biyu. Na mutum takwas da Mendelssohn ya rubuta a 1825 yana ɗan shekara 16, bayolin huɗu ne da biyola biyu da celo biyu. Ma'ana, ko da rukuni ya cika da mutanensa, dole ya ɗauko baƙo. Rabin mutanen da na sani a wannan sana'a ta ƙofar baƙunci na san su.

Ba ƙasƙanci ba ne kuma. Peter Schidlof mai bayolin ne kafin ya koma biyola don a kafa rukunin Amadeus a Landan a 1947, ya zauna a wannan kujera shekara 40. Da ya rasu a 1987, sauran ukun ba su nemi madadinsa ba, rufe rukunin suka yi. Michael Tree na rukunin Guarneri a Amurka shi ma da bayolin ya fito. Mozart kansa in an zauna kiɗa da abokai biyola yake ɗauka, Dvořák kuma shekaru ya yi yana kaɗa ta a okestrar gidan wasa a Prague kafin duniya ta san shi.

Abin da zai fara ba ka wahala shi ne karatu. Rubutun biyola da wani mabuɗi dabam ake yin sa, wato alamar farkon layi mai nuna mazaunin kowane sauti, wanda sautin C na tsakiya yake zaune a kan layin tsakiya. Akwai wata dabara ta ragwaye da 'yan bayolin ke koya wa juna, ka riƙa yi kamar kana karanta naka mabuɗin ka sauya yatsa kawai. Kada ka yi. Na yi, kuma ranar da rubutu ya hau sama ya canja mabuɗi a tsakiyar layi, a gaban mutane na ɓace. Ka ba shi wata biyu, kullum rabin awa, kana faɗin sunan kowane sauti da baki kafin ka taɓa shi. Ka ɗauki darussan Kreutzer guda 42 da ka riga ka sani a bayolin ka sake bin su a biyola, sannan na Campagnoli guda 41 waɗanda don ita aka rubuta su. Jerin kiɗan celo guda shida na Bach kuwa, mu masu biyola mun mai da su namu, kuma babu abin da ya fi su koya wa hannun dama haƙuri.

Hannun daman nan shi ne asirin. Bayolin tana amsawa nan take, kana taɓawa ta yi magana. Biyola kamar tsohuwa ce da aka tasa daga barci, sai ka yi sallama ka jira. Tsirkiyar C mai kauri ba ta son gudu, nauyin hannu take so ya sauka a kanta daga kafaɗa, ba dannawa da yatsa ba. Saboda jinkirinta, dole ka motsa baka ɗan ƙiftawar ido kafin na bayolin in kuna son sautinku ya fito tare. Wannan babu littafin da ya rubuta shi yadda ya kamata, a jiki ake jin sa. Rawar yatsan hagu ma ta bambanta, a biyola ta fi faɗi da natsuwa. In na kaɗa bayolin da rana zan koma biyola da dare, nakan ba kaina minti ashirin ina jan dogayen sautuka kawai, har hannu ya tuna inda yake.

Kuma don Allah kada girman kai ya sa ka sayi ƙatuwar biyola. Lionel Tertis, wanda ya fito da martabar wannan kayan kiɗa a Ingila, ƙatuwa ya riƙa kaɗawa, ciwon hannu kuma ya sa shi ajiye sana'a na wani lokaci. Ni tawa santimita 41 ce. Na taɓa aron mai 43 na wata shida don na ji daɗin muryarta, na ƙare a hannun likitan gashi da wuya a sanƙare. In ɗan yatsanka na huɗu ba ya kaiwa sai ka murɗa gwiwar hannu, ba taka ba ce, komai daɗinta.

Kunne kafin yatsa

A makaranta za a koya maka yadda za ka tsaya kai kaɗai ka burge: kiɗan Stamitz, Hoffmeister, Walton, Bartók, waɗanda ake tambaya a duk jarrabawar neman aiki. Ka koye su, dole ne. Amma ba su za su sa a sake kiran ka kiɗan zaure ba. Abin da ake dubawa shi ne ko kana jin mutum ukun nan fiye da yadda kake jin kanka.

Fara da saiti. A Jamus yawanci a kan 442 ko 443 muke ɗaure tsirkiyar A, wato yawan girgizarta a daƙiƙa ɗaya, a Ingila da Amurka an fi tsayawa kusa da 440. Wannan mai sauƙi ne, ku dai yarda a kan ɗaya. Matsalar da ke kama sababbi ita ce wannan: in kowa ya saita tsirkiyoyinsa tsaf, kowace da maƙwabciyarta, to tsakanin C ɗin biyola da E ɗin bayolin za a samu rata da ta wuce ƙima da kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabin taki, wato ratar da ke tsakanin sautuka biyu maƙwabta a fiyano. Lissafi ne, ba laifin kowa ba. Sai ku buga haɗin sauti na C, wato C da E da G a lokaci guda, ku ji yana tsami kamar kunun jiya, kowa ya fara hararar kowa. Maganin shi ne mai biyola da mai celo su ɗan ɗaga G da C ɗinsu sama kaɗan, gwargwadon gashi, su kuma tabbata C ɗinsu biyun sun zama ɗaya. Ni da mai celonmu wannan muke fara yi kafin a ce uffan.

Sai kuma ginin haɗin sauti. Ku fara daga ƙasa: mai celo ya riƙe tushe, wanda ke da sauti na biyar daga tushen ya hau, a ƙarshe mai na uku ya shigo, kuma a babban haɗi, irin na C ɗin nan, sai ya ɗan sassauta shi ƙasa da yadda fiyano ke bayarwa kafin ya zauna lafiya. Wa yake riƙe da na ukun nan galibi? Mu na tsakiya, biyola da bayolin ta biyu. Don haka in haɗi ya yi daɗi, mai bayolin ta farko ake tafa wa, in ya yi tsami, kai ake kallo. Ka saba da wannan rashin adalci tun yanzu.

Kada ka zo bita da naka layin kawai. Ka nemi cikakken rubutun da ke nuna layi huɗun a jere. Tsofaffin bugu suna nan kyauta a shafin IMSLP, in kuma kuɗi sun samu bugun Henle ko Bärenreiter ya fi inganci. Ka zauna da fensir ka rubuta a takardarka wanda kake tare da shi a kowane wuri: nan ina bin celo, nan ni da bayolin ta biyu ne injin, nan ni kaɗai aka bar wa magana. Fensir, ba biro ba, da magogi a aljihu. Abin da kuka yanke yau gobe za ku rushe shi.

Wurin zama ma yana da nasa. Wasu rukunoni kan sa celo a bakin dama, biyola a ciki. Wasu kan sa biyola a bakin. In kai ne a bakin dama, ramukan da sauti ke fita daga jikin biyolarka bango suke kallo, ba jama'a ba. Don haka in naka ya zo, irin buɗewar kwatet ɗin da Dvořák ya rubuta a Spillville ta jihar Iowa a 1893, ko na farko na Smetana na 1876, waɗanda duk biyola ce ke buɗe baki, sai ka ɗan juya ƙirji waje. Ba yanga ba ce, in ba ka juya ba na layin baya ba za su ji ka ba.

Game da abin da za ku fara kaɗawa, ra'ayina ba ya canjawa: Haydn. Ya bar kusan kwatet 68, kuma babu inda za ka ɓuya a cikinsu. Matasa sukan so su yi tsalle zuwa na takwas na Shostakovich, wanda ya rubuta a 1960, don yana da wuta yana kuma sa jama'a ihu. Ku kaɗa shi, ba laifi, amma hayaniya tana rufe aibi. Haydn ba ya rufe wa kowa asiri. Bayan shi Mozart, sai shidan farko na Beethoven da aka buga a 1801. Na ƙarshen rayuwarsa, irin mai lamba 131, babi bakwai a jere ba tsayawa, kusan minti 40, ku bar shi sai kun yi shekaru tare. Mu a shekara ta shida muka taɓa shi, kuma da sauri muka yi.

Zo mu zauna

Yanzu ga inda yawancin rukunoni ke mutuwa. Ba a kan kiɗa ba, a kan hali.

In za ka zaɓi abokan tafiya, kada ka bi wanda ya fi kowa iya gudu a tsirkiya. Ka duba wa ke zuwa a kan lokaci, wa ke zuwa da layinsa a shirye, wa ke iya jin gyara ba tare da fuskarsa ta canja ba. Ku yi tafiya ɗaya mai nisa a jirgin ƙasa kafin ku yi alkawari. Mutumin da ba za ka iya zama da shi awa bakwai a tarago ɗaya ba, jirgi ya makara, ga yunwa, ba za ka iya shekara goma da shi ba. Rukunina na farko wata goma sha huɗu ya yi. Mai bayolin ta farko gwani ne na gaske, amma duk gyaran da aka kawo sai ya ce a baya ma haka ya kaɗa. Ranar da mai celo ta tattara kayanta ta fita a tsakiyar bita, babu wanda ya bi ta.

Akwai ladabin magana a ɗakin bita, kuma a nan tarbiyyar gida ta taimake ni fiye da duk wani darasi. Mu mun tashi da sanin cewa ba a gaya wa mutum laifinsa gatsal a gaban jama'a. Kada ka ce "sautinka ya kauce." Ka ce "mu ji wannan haɗin a hankali, ina jin ni da kai ba mu haɗu ba." Sau da yawa ma za ka tarar kai ne ka kauce. Amma ka kula, kunyar nan tamu tana da nata sharri. Shekarata ta farko shiru nake yi, ina cewa to a kan komai, ina tsammani ladabi ne. Sai mai bayolin ta biyu ta ja ni gefe ta ce shiruna yana tayar musu da hankali, sun ɗauka ko raina su nake yi ko ban damu ba. Jamusawa in ba ka faɗi ra'ayinka ba, gani suke ba ka yi aikin gida ba. Dole na koyi buɗe baki.

Doka ɗaya da muka kafa wadda ta cece mu: duk shawarar da wani ya kawo, sai an kaɗa ta da zuciya ɗaya kafin a yi gardama a kanta. Ba kaɗawar ganin dama ba, wadda za ka ɓata ta da gangan don ka nuna ba ta da kyau. Rabin rigima a nan take mutuwa, domin kunne ya riga ya yanke hukunci. Sauran rabin kuma ga matsalar lamba huɗu, biyu su ce gabas biyu su ce yamma. Mu mun ce mai riƙe da waƙar a wurin shi ke da ta cewa. In abin ya ƙi, a kaɗa ta wannan hanya yau, ta wancan gobe, ai ba wasa ɗaya za a yi a duniya ba. Rukunin Emerson na Amurka, wanda ya yi aiki daga 1976 zuwa 2023, har kujerar farko masu bayolin ɗinsa biyu suke musanyawa. In kana iya biyun, bayolin da biyola, irin wannan sassauci ba zai zo maka baƙo ba.

Shiga tare kuwa da numfashi ake yi. Wanda zai ba da alama yakan shaƙi iska daidai da saurin kiɗan da za a shiga, sauran su shaƙa tare da shi. Ka kalli yatsun hagunsa da inda bakansa ya taɓa tsirkiya, ba fuskarsa ba. Kuma ku riƙa naɗar bitarku a waya. Ba abin da ya fi ciwo, ba abin da ya fi amfani.

Inda kuɗin suke, da inda ba sa nan

Zan faɗa maka gaskiya: rukunonin da ke rayuwa da wasan kwatet kaɗai 'yan ƙalilan ne a duniya. Lissafin ba shi da wuya. Kuɗin da mai zaure zai biya, wakili zai cire nasa, galibi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A cire kuɗin tafiya da masauki in ba a biya muku ba. In jirgin sama ne, celo sai an saya mata kujerarta kamar mutum, ku huɗu tikiti biyar. Abin da ya rage a raba huɗu, kowa ya biya harajinsa. Awannin bita kuwa, waɗanda suka ninka na wasa sau da yawa, babu mai biyan su. Mu mukan raba biyar, kaso ɗaya ya shiga asusun rukuni don hotuna, naɗar faifai, sayen takardun kiɗa. Ku rubuta wannan a takarda tun kuna shiri, har da abin da zai faru in wani ya fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To da me ake cika tukunya? Ni kwana biyu a mako ina koyar da yara a makarantar kiɗa ta gari. Ina karɓar aikin cike gurbi a okestra in wani ya yi rashin lafiya, kuma a nan riƙe kayan kiɗa biyu yake biya, don waya biyu ce ke iya ƙara. Akwai bukukuwan aure, akwai kiɗan coci lokacin Kirsimeti da Ista, akwai ɗakin naɗar sauti. Kada ka raina ko ɗaya. Aikin baƙunci mafi kyau da na taɓa samu, wata mai celo ce da muka haɗu a kiɗan ɗaurin aure ta tuna da ni bayan shekara biyu. In a Jamus ka zauna kana cin gashin kanka, ka yi rajista da Künstlersozialkasse da wuri. Asusu ne na masu fasaha da ke ɗauke maka kusan rabin kuɗin inshorar lafiya da fansho, kamar dai kana da ubangida. Na yi shekara biyu ban san da shi ba, har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Gasa ita ce ƙofar da rukunoni matasa ke bi su shiga manyan zaure. Akwai ta Banff a Kanada, wadda aka fara a 1983, duk shekara uku. Akwai ta Wigmore Hall a Landan, ta ARD a Munich, ta Paolo Borciani a Reggio Emilia ta Italiya. Ga mai biyola shi kaɗai, akwai masu ɗauke da sunan Tertis da Primrose. Duk suna da iyakar shekaru, don haka mu da muka fara a makare ba mu da lokacin ɓatawa. Ra'ayina shi ne ku shiga biyu ko uku, don shirin da za ku yi musu zai ɗaga ku ko ba ku ci ba, amma kada ku gina rayuwa a kansu. Mu a zagaye na biyu aka fitar da mu, sau biyu. Abin da ya fi mana amfani shi ne zama a gaban tsofaffin 'yan kwatet su yi mana gyara. Ku nemi irin ProQuartet a Faris, ko makarantar Reina Sofía a Madrid, ko taron Prussia Cove a gaɓar Cornwall wanda Sándor Végh ya assasa a 1972. Awa ɗaya da wanda ya kaɗa Beethoven sau ɗari ta fi wata guda kuna lalube.

Bayan wasa akwai 'yar walima, kowa da kofin giya a hannu, kuma a nan ake ƙulla aikin baɗi. Ni ruwan tuffa nake riƙewa, ba wanda ya taɓa damuwa. Ka tsaya ko minti ashirin ne, ka gode wa wanda ya gayyace ku, ka riƙe sunansa. Gaisuwa dai ba sai an koya wa Bahaushe ita ba.

Ga wanda yake gida yanzu

In kana Najeriya, hanyar da na sani ita ce Legas. Cibiyar MUSON da ke Onikan, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, tana da makarantar kiɗa da malaman tsirkiya. Ka yi jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, mataki na ɗaya zuwa na takwas, domin takarda ce da makarantun waje suka sani. Yawancin jami'o'in kiɗa na gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg a 2017 ta fara karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Shiga ta jarrabawar kaɗawa ce, kuma sai da Jamusanci, ka fara koyon sa tun kana gida. Ka kuma sa ido a kan Chineke!, okestrar da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa a Ingila a 2015 don makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru.

Koren fasfo kuwa abokin tafiya ne mai nauyi. Abokanka uku za su ce a je Landan mako mai zuwa, kai kuma sai da biza. Ka gaya wa duk mai shirya muku wasa wannan tun ranar farko, ka kuma nemi takardun gayyata watanni kafin lokaci. Na taɓa rasa wasa guda saboda fasfona yana kwance a wani ofishin jakadanci, aka ɗauki wani ya zauna a kujerata. Ya kaɗa da kyau, wanda ya fi komai ciwo ke nan.

Kayan kiɗa kuma, kada labarin tsada ya firgita ka. Biyolar da shahararren masassaƙin Italiya Stradivari ya yi a 1719, wadda Schidlof ya kaɗa, an sa ta kasuwa a 2014 a kan dala miliyan 45, ba a samu mai saye ba. Wannan duniyar wasu ce. Masassaƙan zamani suna yin kaya masu kyau, kuma akwai gidauniyoyi masu ba da aro. Ka fi kashe kuɗi a kan baka mai kyau da gyaran da ya dace. Ka sauya izgar baka aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, tsirkiyoyi in sun dushe, kada ka jira su tsinke. Bakan tafiya kuwa na roba mai ƙarfi nake ɗauka, domin tsofaffin bakuna da yawa suna da hauren giwa a kai, ma'aikatan kwastan kuma ba ruwansu da Mozart.

Abu na ƙarshe shi ne hunturu. Katakon nan da danƙo aka haɗa shi, yana son laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Iskar Disamba a arewa ba ta san wannan ba. Zuwana gida na farko da biyola, kwana huɗu na yi na buɗe akwati na tarar maɗauran tsirkiya duk sun saki, gefe guda kuma haɗin ya buɗe har ina iya zura farce. Sa'ar da na yi danƙon ne ya saki, ba katakon ya tsage ba. Yanzu in zan zo, ɗan soso mai laima nake sawa cikin gwangwani mai huji a akwatin, da ƙaramin ma'aunin laima, ba na kuma barin ta a mota ko kusa da taga.

A wannan zuwan ne wani tsohon mai goge da ke bayan kasuwa ya ce in nuna masa. Ya shafa izgar da babban yatsa, abin da da a Jamus ne da na yi ihu, ya sunsuni ƙaron ya ce nasa ya fi kamawa. Ya ƙirga tsirkiyoyin, ya tambaye ni mu nawa muke kaɗawa tare. Na ce huɗu. Ya ce wane ne uban kiɗin? Na ce babu. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo mini ita ya ce in ja mai kaurin nan ya ji.